Gidan da uwa ke bar wa 'yarta: Ziyara a gidan tarihin Kamthieng na Bankok

 A wannan makon tafiya za mu yi, domin Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi.

Yawancinmu a jikin buhun shinkafa muka fara ganin sunan ƙasar Tailan. 'Yan kasuwarmu kuwa sun san Bankok, babban birnin ƙasar, saboda kasuwar Pratunam inda ake saro tufafin yara da takalma da jakunkuna. Kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa a tsakiyar wannan birni, a gindin dogayen benaye na gilashi, akwai wani gidan katako da ya haura shekara 170 a duniya, wanda asalinsa ma ba a garin aka gina shi ba. Sunansa Gidan Kamthieng. Na ziyarce shi lokacin da na raka yayata saro kaya, kuma abin da na gani a ciki ya shafi wannan shafi fiye da yadda mutum zai zata.

Gidan da baƙi suka fi zuwa gani a Bankok shi ne na Jim Thompson, wani Ba'amurke ɗan kasuwar siliki da ya harhaɗa tsofaffin gidajen katako shida a 1959, ya cika su da kayan tarihi masu tsada, sannan ya ɓace a Malesiya a 1967. Wancan gidan mai tara kayan alfarma ne. Shi kuwa na Kamthieng gidan iyali ne, inda aka haihu, aka yi aure, aka dafa abinci, aka yi jinya. Kayan da aka jera a cikinsa su ne irin waɗanda mutanen arewacin Tailan suke taɓawa kullum: tukwane, kwanduna, masaƙa, garma da tarkon kifi.

Yadda gida ya yi tafiyar kilomita 700

Gidan yana cikin harabar wata ƙungiyar masana mai suna Siam Society, wadda aka kafa a 1904, tun ƙasar tana amsa tsohon sunanta na Siyam. Harabar tana kan titin Asok Montri, 'yar tafiya kaɗan a ƙafa daga tashar jirgin ƙasa ta Asok. Kana baro tashar hayaniyar motoci da babura za ta cika maka kunne. Da ka shiga ƙofar harabar sai ƙarar ta ja baya, ka tsinci kanka a cikin inuwar itatuwa, ga gida baƙi-baƙi tsaye a kan ginshiƙai, rufinsa ya yi tsini sama.

An gina shi ne wajen shekarar 1848 a bakin kogin Ping, a garin Chiang Mai, kimanin kilomita 700 arewa da Bankok. Chiang Mai ita ce hedikwatar tsohuwar daular Lanna, wadda Sarki Mangrai ya kafa birninta a 1296. Ma'anar Lanna ita ce gonakin shinkafa miliyan, kuma mutanen yankin suna da yarensu da rubutunsu da salon gininsu dabam da na mutanen Bankok.

Wata mata mai suna Mae Saed ce ta gina gidan. Kalmar Mae a harshensu tana nufin uwa, kamar yadda mu ma muke cewa Inna wance. Daga hannunta gidan ya riƙa sauka daga uwa zuwa 'ya har fiye da shekara ɗari. Kamthieng sunan ɗaya daga cikin matan zuriyar ne. A 1963 zuriyar, wato iyalan Nimmanhaemin, suka ba Siam Society gidan kyauta. Aka kwance shi katako bayan katako, aka kawo shi Bankok, aka sake tayar da shi, Sarki Bhumibol ya buɗe shi a matsayin gidan tarihi a 1966.

Abin da ya sa gidan ya bi layin mata al'adar yankin ce. A can, idan aka yi aure miji ne yake tarewa a gidan iyayen matarsa. Manyan 'ya'ya mata sukan fita su gina nasu a kusa, ita kuwa 'yar auta ta zauna ta kula da tsofaffi, idan sun kau gidan ya zama nata. Wannan tsari nasu ne, mu kuwa namu gadon yana da ƙa'idojinsa da addini ya shimfiɗa. Abin da na lura da shi kawai shi ne, a kowane zamani akwai mutum guda da kowa ya san shi ne mai riƙe da gidan da kayansa da labarinsa. Da lokacin rabuwa da gidan ya zo kuma, magada suka haɗu a kan kada ya tafi a matsayin itacen wuta.

Ƙarƙashin gida

Kafin ka hau sama, ƙarƙashin gidan za ka fara shiga, domin ginshiƙan suna da tsawon da mutum zai wuce a tsaye. Nan aka baje kayan noma da na su: garmar da ɓauna ke ja, kayan ban-ruwa, da tarkunan kifi na gora iri-iri, kowanne da irin ruwan da ake kafa shi. A ƙauyukan Lanna wannan wuri shi ne inuwar gida. Nan mata ke saƙa da rana, nan ake gyaran kayan aiki, nan yara ke wasa idan rana ta take.

Da icen tik aka yi gidan, irin wanda ake shukawa a dazuzzukan kudu maso yammacin Najeriya har ake yin falwayar lantarki da shi. Icen yana da wani maiƙo a jikinsa da ke sa gara ba ta cika cinsa ba, ruwa kuma ba ya saurin ruɓar da shi. Magina na da sukan sassaƙa katakan su shige cikin juna, su ɗaure da turakun itace, shi ya sa ake iya kwance gida a ɗauke shi zuwa wani gari. A yau da wuya talaka ya yi irin wannan gini, domin saran tik ya cinye dazuzzukan ƙasar har gwamnati ta hana sare itatuwa a dazukanta a 1989, bayan wata mummunar ambaliya da aka yi a kudancin ƙasar a ƙarshen 1988.

Ɗaga gida sama yana da dalilan da kowa zai gane: ambaliyar damina, macizai, da danshin ƙasa. Akwai kuma wani dalili da bincike ya fito da shi daga baya. Sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro ƙasa-ƙasa yake tashi idan yana neman wanda zai ciza. A wani gwaji da aka yi a Gambiya, aka wallafa a 2021, an ɗaga ɗakuna sama an bar ƙarƙashinsu a buɗe. Ɗakin da ke mita 1 daga ƙasa sauron da ya shige shi ya ragu da kashi 40 cikin 100, na mita 2 da kashi 68, na mita 3 kuwa da kashi 84. Matan da suka gina gidan Kamthieng ba su san ƙwayar cutar maleriya ba, don a lokacin ba a ma gano ta ba. Sun dai san inda barci ya fi daɗi.

Sai dai ba duk abin da ke ƙarƙashin gida ne alheri ba. A ƙauyuka da yawa nan ake ɗaure dabbobi da kaji da dare, kashinsu da ƙudansu suna daf da inda ake dafa abinci. Masu kiwon kaji a bayan kicin ko a baranda a biranenmu su lura da wannan.

Baranda da randa

Ana cire takalmi a gindin matakala. Da na hau, abin da ya fara taɓa ni shi ne iska. Babu fanka a kaina, amma zufar da na kwaso daga titi ta fara bushewa. Rufin yana da tsawo, zafi yana hawa sama ya bar mutane, bakin rufin kuma ya sauko ya yi wa bango inuwa. Bangon ya ɗan kwanta waje daga ƙasa zuwa sama, wanda alama ce ta ginin arewacin ƙasar. A can ƙololuwar rufi katako biyu sun gitta juna kamar ƙahonni. Suna kiransu kalae, kuma da ka gan su ka san gidan Lanna ne.

Rayuwar gidan a baranda take. Fili ne mai rufi, buɗe ta gefe, inda ake karɓar baƙi, a ci abinci a kan wani ɗan ƙaramin teburi mai zagaye ana zaune a ƙasa, a kwanta shan iska. Baƙo iyakarsa nan. Ɗakin barci na 'yan gida ne kaɗai, yana da dokin ƙofa mai tudu, a samansa kuma akwai wani allo da aka sassaƙa da zanen furanni, ana ce masa ham yon. A imaninsu allon yana tsare masu barci daga miyagun iskoki. Mafi yawan mutanen ƙasar mabiya addinin Buddha ne, kuma a arewa sun haɗa da girmama ruhin kakanni, wanda shi ma ta wajen uwa ake gadonsa. Gidan tarihin ya bayyana waɗannan abubuwa yadda masu su suka ɗauke su, mai ziyara kuma ya kalla ya wuce da nasa imanin.

A gidan Lanna akan yi wata 'yar maɗora a gefen baranda, a jera tukwanen ruwa na yumɓu da ludayin ɓawon kwakwa. Yayata ta tsaya a kan tukwanen ta daɗe.

"Ke, ashe su ma randa gare su?" in ji ta.

Na ce, "Ita ce fa, Yaya. Har a ƙofar gida suke ajiye wa masu wucewa, kamar yadda Hajiya take yi da azumi."

Hikimar randa ɗaya ce ko'ina. Jikin yumɓu yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi, bushewar nan ita ke janye zafi daga ruwan da ke ciki. Amma randa tana da sharuɗɗa biyu. Na farko murfi: sauron da ke kawo zazzaɓin dengi, wanda ke damun Tailan kowace damina, a ruwa mai tsabta da aka bari a buɗe yake ƙwai, kuma irin wannan sauro yana nan a garuruwanmu, a duro da tanki da tsohuwar taya. Na biyu moɗa: idan kowa zai tsoma hannu da kofin da ya sha, ruwa mai kyau ya zama hanyar gudawa da taifot. A ware moɗa mai dogon hannu ta ɗiba kawai, ko a nemi randa mai famfo.

Madafa

Madafar gidan a ɓangarenta take, ba a haɗe da ɗakin barci ba. Murhun wani akwati ne na katako da aka cika da ƙasa don kada wuta ta kama daɓen, a kansa ake girke tukunya. Bango da daɓen madafa suna da tsaga-tsaga, hayaƙi yana samun hanyar fita, ruwan wanke-wanke yana zuba ƙasa. Ga turmin dakan yaji, ga kwandunan gora, ga madambacin shinkafa.

Abincin arewacin Tailan shinkafa ce mai danƙo. Ana jiƙa ta tun dare, da asuba a turara ta kamar dambu, a zuba a ɗan kwando mai murfi, a riƙa gutsura da hannu ana dangwala miya. Tana riƙe cikin manomi wuni guda, sai dai tana saurin ɗaga sukarin jini. Wanda ya gaji cin kakanninsa bai gaji aikin gonarsu ba, to ya rage loma. Wannan magana ta hau kan mai zaman ofis a Bankok, ta kuma hau kan mai zaman shago a Legas da malmalar tuwonsa uku.

Maganar hayaƙi ita ma ba ƙarama ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida, wadda akasarinta daga girki da itace da gawayi da kananzir take, tana kashe mutum kimanin miliyan 3 a shekara, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙa. Tsohon gida ya rage wannan da ware madafa da barin iska ta ratsa. Mu da muke zaune a gidajen haya masu taga ɗaya, mu kan kunna gawayi a cikin kicin a rufe, wasu ma har janareto a lungun ɗaki. Iskar da ke kisa a irin wannan hali ba ta da wari ba ta da launi.

Wutar jego

Tsayuwa a gaban murhun ta tuna mini da wata al'adar Tailan da za ta ba kowace Bahaushiya mamaki. Suna kiranta yu fai, wato zama a bakin wuta. Idan mace ta haihu, akan kwantar da ita a kan katako kusa da wuta na kwanaki, tana shan ruwan zafi, tana wanka da ruwan ganye, an hana ta wasu abinci, da nufin jikinta ya bushe, mahaifa ta koma mazauninta. Akan kuma ɗaure saiwoyi da ganyaye a ƙyalle, a turara, a riƙa gasa mata jiki. A cikin ƙullin akwai wata danginsu citta da suke kira plai, da kurkur, da ciyawar nan mai ƙamshin lemo da muke sa wa a shayi, da ganyen tsamiya. Har yau ana sayar da irin wannan ƙulli a shagunan magani na ƙasar, kuma asibitocin gwamnati da yawa suna da sashen maganin gargajiya da ke yi wa masu jego gashi a ƙarƙashin kulawa, ba tare da hura wuta a ɗaki ba.

Wace ce a cikinmu ba ta ga wankan jego a nan ba? Ruwan zafi da ganyen darbejiya ko na tsamiya safe da yamma, kunun kanwa, a wasu wurare har da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Alherin da ke cikin al'adun biyu a fili yake: mai jego tana samun hutu, ana dafa mata, manyan mata suna kewaye da ita, ba a barinta ita kaɗai da jariri da tunani. Wannan kulawa magani ce, kuma ita ce abin da matan birni da ke nesa da dangi suka fi rasawa.

Haɗarin shi ma sananne ne. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yawaitar ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da yawan kanwa da tsananin zafi. Binciken da ya biyo baya ya nuna akwai wasu dalilai da ke da hannu, kamar hawan jinin masu ciki da ƙarancin abinci mai gina jiki, amma wannan bai wanke kanwa ba. Kanwa cike take da sinadarin da ke cikin gishiri, yana tara ruwa a jiki, ya ƙara wa zuciya nauyi a lokacin da take murmurewa daga ɗawainiyar ciki. Saboda haka ruwan wanka ya zama mai ɗumi wanda fata za ta jure, a yi nesa da kanwa musamman ga mai hawan jini, wadda aka yi wa tiyata kuma ta bi abin da likitanta ya ce. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, ko take haki daga ɗan motsi, ko ba ta iya kwanciya rigingine sai an tara mata matasai, a kai ta asibiti a ranar. Kada a ce sanyi ne ya shige ta a ƙara wa ruwa wuta.

Ba duk gado ake ci ba

Wani kayan gado da tsofaffin gidajen Tailan suke ji da shi shi ne akwatin mak. Mak wani ɗan itace ne mai kama da goro, ana naɗe shi a ganye da ɗan farar ƙasa a tauna, baki ya yi ja, haƙora su yi baƙi. Matsayinsa a wurinsu kamar na goro ne a wurinmu: da shi ake tarbar baƙo, da shi ake neman aure. Akwatunan akan yi su da azurfa ko da gora mai fenti, uwa ta bar wa 'yarta. Gwamnatin ƙasar ta yaƙi taunarsa a wajen 1940, kuma a yau hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa wannan ɗan itace a sahun abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon dajin baki. Jikoki sun ajiye akwatin, akasarinsu sun bar taunar.

Mu ma muna da irin wannan. Tandun kwallin kaka abin ajiyewa ne, amma kwallin dutse yakan ƙunshi dalma, wadda ke taɓa ƙwaƙwalwar yaro, don haka bai dace da idon jariri ba. Adudu da akwatin zannuwan da aka gada akan cika su da farin kafur na ƙwallo don korar asu. Wannan kafur yana iya farfasa jinin jaririn da aka haifa da ƙarancin wani sinadari da ake kira G6PD, wanda ya yawaita a tsakanin 'ya'yanmu maza, ya jawo shawara mai tsanani. Kayan jariri da zanen goyo kada su kwana a akwati ɗaya da shi. Ragowar magungunan mamaci kuwa ba gado ba ne. A tattara su a kai wa mai harhaɗa magani ya faɗi yadda za a zubar, kada a ajiye don wani ya yi irin ciwon.

Kwalbar da babu rubutu

A aikinmu na harhaɗa magunguna, kwalbar da takardar jikinta ta ɓace ta tashi daga aiki, ko da maganin da ke ciki mai tsada ne. Ba ka san sunansa ba, ba ka san na wane ne ba, ba ka san ranar lalacewarsa ba. Da wannan idon na kalli gidan Kamthieng. Tarkon kifi na gora ba shi da wata daraja a kasuwa. Abin da ya sa baƙo daga wata nahiya zai tsaya a kansa shi ne an ajiye shi tare da bayaninsa: menene, a ina ake amfani da shi, su wa suka yi shi. Gidan kansa da an ɗauko shi ba tare da sunan matan da suka riƙe shi ba, da tsohon katako ne kawai.

Mu da muke zaune a Legas da Ibadan da Fatakwal da Abuja, yawancin 'ya'yanmu a gidan haya aka haife su, garin kakanni kuwa sai da Sallah, wani lokaci ma sai an yi rasuwa. Idan tsohuwa ta rasu, a kwana kaɗan ake rabon jerenta. Kwalla da tasa da fanteka su tafi wurin 'yan gwangwan, akushi da mazari a ce tarkace ne, gidan kuma a sayar a raba kuɗi. Raba gado haƙƙi ne, babu mai ja. Amma babu abin da ya hana magada su yarda a tsakaninsu a ware abu biyar ko goma marasa tsada, a damƙa wa mutum guda amana. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano suna ajiye tarihin gari. Tarihin gidanku kuwa in ba ku ba babu mai ajiye shi.

Aikin ba ya buƙatar kuɗi. A sayi littafi mai bango mai ƙarfi. A zauna da Hajiya ko Baba tun suna da ƙarfin magana, a ɗauko abu ɗaya-ɗaya a tambaya: na wane ne, daga ina ya zo, me ake yi da shi? A ɗauki hotonsa da waya, a naɗi muryarsu, a tura wa 'yan'uwa don kada ya zauna a waya ɗaya da za ta iya faɗawa ruwa.

A cikin littafin nan kuma a ware shafuka na gadon da ba a gani da ido. Wane ciwo ne ya yi ajalin kaka, yana da shekara nawa? Su wa ke da hawan jini, su wa ke da ciwon suga, wa ya taɓa shanyewar ɓarin jiki? Akwai wadda ta yi ciwon dajin mama ko jijjiga a lokacin haihuwa? Wane magani ne ya taɓa yi wa wani a gidan illa? Mene ne rukunin jinin kowa? Kullum a asibiti ana yi wa mutane waɗannan tambayoyi, amsar da aka fi ji ita ce, ai 'yar gajeruwar rashin lafiya ya yi. Alhali wanda ya san mahaifinsa da kawunsa duk suga ce ta kama su zai fara gwaji da wuri. Saurayi da budurwar da suka san dukansu AS ne sun san cewa a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila. Mutanen Tailan su ma suna da nasu ciwon jini na gado, talasimiya, har gwamnati ta sa gwajinsa a cikin awon ciki. Likita zai iya auna jininka a yau, amma abin da ya faru da kakarka sai wanda ya zauna da ita ne zai faɗa maka.

Ga mai niyyar zuwa

Wanda harkar kasuwa ko jinya ta kai shi Bankok, awa ɗaya zuwa biyu ta ishe shi ya zaga gidan a natse. Jirgin ƙasa na sama yana tsayawa a Asok, na ƙarƙashin ƙasa kuma a tashar Sukhumvit, duk a wuri ɗaya. A duba shafin Siam Society a intanet kafin a fito don sanin ranakun buɗewa. A sa takalmi mai sauƙin cirewa, a kuma lura cewa matakalar tana da tsayi ga mai ciwon gwiwa. Abincin halal ba ya wuya, tasha ɗaya ce tsakanin Asok da Nana, unguwar da gidajen abincin Larabawa da na Musulmin ƙasar suke. In da hali a tafi da yara, domin su ne za su fi yin tambaya.

Wanda kuma tafiyar ba ta kama shi ba, hutun makaranta na tafe. A kai yara gida wurin kakanni, a sa littafin nan da biro a cikin jaka.

Allah Ya ƙara mana lafiya da zaman lafiya a gidajenmu. Sai mako mai zuwa.